Bashin da ke jikin bangon bariki

Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, zai ratsa gundumomi uku na jahar Maraɗi da suka sa birnin a tsakiya: Gidan Rumji daga yamma, Agye da Gazawa daga gabas. In ya buɗe taswirar wannan yanki, zai ga kalma ɗaya tana ta dawowa cikin sunayen garuruwa: Gidan Rumji, Gidan Sori, gidan wane da gidan wane. Manomi ne ya sari daji, ya kafa bukka, ya haƙa rijiya, ya ajiye iyalinsa, har sunansa ya bi wurin. A ƙasar nan gari gida ne da ya yi girma.

Akwai kuma wata kalma da ta shigo daga baya, ta zauna daram a bakin mutanen yankin, ita ce bariki. Asalinta daga Ingilishi ne. Ta shigo Hausa ta bakin sojojin da Ingila ta ɗauka a ƙarshen ƙarni na 19, ta ƙetara iyaka ta iske ƙasar da Faransa ke mulki, inda aka yi ta kiran mazaunin kumandan da masaukin Nasara na kan hanya da wannan suna. Da tafiya ta yi tafiya ma'anarta ta faɗaɗa. Ɗan bariki shi ne wanda ya goge da zaman da ba na gida ba, barikanci kuwa halinsa ne da irin Hausar da yake yi, har masu magana suka ce bariki iyawa ce. A gida ake haihuwa, a binne cibiya, a yi suna, a ɗaura aure, a fitar da gawa. A bariki takarda ke kawo mutum, takarda ke ɗauke shi, maƙwabcinsa na yau gobe yana wani gari.

To, idan soja ya naɗe kayansa ya tafi, magidanci ya shigo da matansa da ƴaƴansa da awakinsa, me ke faruwa da ginin? Shin bangon da aka ɗaga don a tsorata mutane yana iya zama bangon da zai rufa masu asiri? Kuma wanda ya kwana a ɗakin da aka gina da gumin mutanen da ba a biya ba, akwai wani nauyi a kansa, ko kuwa abin da ya wuce ya wuce? Tambayar ta shafi duk garin da ya gaji gini daga zamanin mulkin mallaka, ta kuma shafi sansanonin da ake kafawa a wannan zamani, waɗanda wata rana su ma za a bar su.

Sansanin da ya zama gari

Rikiɗar wurin yaƙi zuwa wurin zama daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa, ya riga Nasara zuwa. Bayan faɗuwar Katsina a 1807 da ta Alkalawa a 1808, sarakunan da jihadi ya kora suka yo arewa da sauran dakarunsu. Katsinawa suka kafu a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa, cikin kurmin gulbi inda doki ba ya iya sukuwa. A 1836 aka gwabza a Gawakuke, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi nasara, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda suka kwanta dama a fagen. Gobirawan da suka tsira suka taru ƙarƙashin Mayaƙi, suka kafa Tsibiri, wadda a yau take cikin gundumar Gidan Rumji. Mafaka ce ta mayaƙa kafin ta zama komai, daga cikinta ake fita hari, cikinta ake komowa a rufe ƙofa. A ɗaya ɓangaren ma haka abin yake. Wurno ribaɗi ce da Muhammadu Bello ya kafa don tsaron iyaka, a can ya rasu a 1837, ga ta nan ta zama gari mai kasuwa da gonaki. Har a arewacin Togo akwai garin Sansanne Mango, wanda sunansa ke ɗauke da kalmar sansani.

Babu wanda ke tuhumar ɗan Tsibiri don ya kwana inda kakanninsa suka wasa takobi. Dalili shi ne masu ginin da masu zaman jama'a ɗaya ce. Ganuwa aikin gayya ce, ko da sarki ne ya yi kira kuma ba kowa ke da ikon ƙi ba, wanda ya ɗauki ƙasa ya san ranar da mahara suka zo bayan wannan ganuwa matarsa da ƴaƴansa za su ɓuya. Guminsa ya komo masa ta hanyar tsaro. Da yaƙi ya ƙare, sansani ya zama gari ba tare da an canza mai shi ba.

Yadda aka gina bariki

Bariki ya zo da wani lissafi dabam. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar nan daga Ƙonni zuwa wajajen Tasawa, tana ƙone garuruwa, tana kashe mutane, tana kama bayi da ƴan dako. Ta'asar ta kai har gwamnatin Faransa ta turo Kanar Klobb ya tsayar da su, suka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli, kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu suka juya masu baya suka kashe su. A Maijirgi ake nuna kaburburansu.  A 1900 aka kafa yankin mulkin soja na uku, a 1904 Faransa da Ingila suka gyara iyakarsu har Gobir ta Tsibiri da Katsinan Maraɗi suka faɗo hannun Faransa, sai a 1922 ƙasar ta tashi daga yankin soja ta zama ƙasar mallaka mai gwamna. Ke nan sama da shekara ashirin na farko hafsoshin soja ne ke mulki, shi ya sa sunan kumandan ya manne wa mai mulki, har bayan 1960 talakawa suka ci gaba da kiran wakilin gwamnatin ƙasarsu da shi.

Garuruwan da suke gundumomin Agye da Gazawa a yau daga Tasawa ake mulkinsu a wancan lokaci, na Gidan Rumji kuma daga Maraɗi. A inda kumandan yake, akwai gidansa da ofishinsa, da gidan kaso, da layin ɗakunan gardi da iyalansu. A kan hanya kuma akwai masaukai inda Nasara ke yada zango in ya fito rangadi ko ƙidayar masu biyan lanho, wato haraji. Da kuɗin lanho da aikin tilas aka yi waɗannan gine-gine. Doka ta ɗora wa kowane baligi kwanakin aiki a shekara ba lada, don gyaran hanya da gina masauki da yaɓe bango, sarkin gari ne ke tara mutane, gardi ke tsaye a kansu. Wata dokar kuma ta ba kumandan ikon ɗaure mutum ba tare da shari'a ba, har kwana 15 a farkon zamanin. Wanda ya san yadda ake ginin ƙasa ya san abin da wannan ke nufi: a haƙo ƙasa, a kwaɓa, a buga tubali, a saro azara ta giginya ko ta goriba daga kwari irin na Gulbin Kaba, a ɗauko a ka, mata su yi ta jigilar ruwa daga rijiya mai gaba da yawa. Sai ranar 11 ga Afrilu 1946 majalisar Faransa ta soke aikin tilas, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny.

Filin da aka yi ginin a kai shi ma yana da nasa labari. Dokokin 1904 da 1935 sun ba hukumar mallaka duk ƙasar da aka ce babu kowa a kanta kuma ba ta da mai ita. Amma manomin Agye ya san saurar da aka bari ta huta tana da mai ita, makiyayi ya san burtali da mashaya ba dajin banza ba ne. Abin da idon baƙo ya gani fili, a idon ɗan gari gado ne.

Nan ne bariki ya bambanta da ganuwar Tsibiri. Wanda ya ɗauki tubalin bariki bai yi tsammanin wata rana zai fake a bayansa ba, hasali ma ya san a ciki za a iya ɗaure shi. Guminsa ya fita bai komo ba.

Ambaliyar 1945

Babban misali na yadda jama'a suka mayar da bariki gida a wannan jaha shi ne Maraɗi kanta. Tsohon birnin a kwari yake, bakin gulbi, Nasara kuwa ya yi mazauninsa a kan tudu. A daminar 1945 gulbi ya cika ya tumbatsa, ya ci garin. Hukumar mallaka ta yanke shawarar kada a sake gini a kwari, aka tayar da mutane aka hau da su tudu, aka yanka masu filaye bisa tsarin Turawa, tituna miƙaƙƙu masu faɗi da suka gitta juna, irin waɗanda ke sauƙaƙa ƙidaya da karɓar lanho. Birnin da aka kafa cikin kurmi don ya ɓuya wa abokan gaba ya koma fili, kusa da idon kumandan.

Abin lura shi ne abin da mutanen suka hau da shi. Ban da tukwane da tabarmi, sun ɗauko sunayen unguwanninsu: Bagalam, Mokoyo, Ƴandaka, Limanci, Ɗan Gulbi, Maraɗawa. Sun ɗauko fada da masallaci da kasuwa, da sanin wane ne maƙwabcin wane. Kowane magidanci da aka ba fili mai kusurwa huɗu ya yi zaure a gaba, ya ja danga ko katanga, ya raba ɗakuna yadda ya saba. Cinikin gyaɗa ya zo ya bunƙasa garin, alhazai suka yi suna, har a ƙidayar 2012 mutanen birnin suka haura 260,000. Yaron da aka haifa a Bagalam yau bai san unguwarsa a tudun bariki take ba, shi dai gida ya sani. Titin da aka miƙe don a ga mutum tun daga nesa, ta nan ake rakiyar amarya.

Darasin da ke ciki shi ne tsarin gini ba ya ɗaure zuciyar mai zama har abada. Turmi da murhu da kukan jariri sun fi zanen injiniya ƙarfi, in aka ba su shekaru. Wanda ke tsoron cewa mugun asalin wuri zai bi mazaunansa, Maraɗi ta ba shi amsa.

Laifi da bashi

Sai dai wannan amsa ta warware rabin tambaya ne kawai. Mutane biyu na iya tsayawa gaban tsohon layin ɗakunan gardi su yi saɓani. Na farko ya ce wuri ne da aka yi zalunci, an daki mutane a ciki, an wulaƙanta dattawa, mutumin kirki ba ya shimfiɗa tabarmarsa a nan, gara a rushe ko a bar wa jemagu. Na biyu ya ce bango ƙasa ce da ruwa, ba ya ji ba ya gani, ga malamin makaranta an turo shi ba shi da wurin kwana, ga gwauruwa da marayu, barin ɗaki ya zama kango alhali mutane na kwana a rumfa shi ne zalunci na biyu.

Kowannensu ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da raba gefen biyu. Sun yi magana a kan wanda ya yi salla a filin da aka ƙwace. Malikiyya da mafi yawan malamai suka ce sallar ta inganta, amma zunubin ƙwacen yana nan bai goge ba. Wato ƙwace ba ya mayar da ƙasa najasa, salla kuma ba ta mayar da ƙwace halal. Tarihin masallacin Madina ma ya nuna hakan. Filin da aka gina shi a 622 akwai kangaye a ciki da itatuwan dabino da tsofaffin kaburburan mushirikai, duk wannan bai hana a mayar da shi masallaci ba. Amma filin na wasu marayu biyu ne, kuma ruwaya ta nuna Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi karɓarsa kyauta daga hannun yaran, sai da aka saya. Abin da ya gabata a wurin bai dame shi ba, haƙƙin masu wurin ne ya tsaya a kai.

Ke nan dole a bambance laifi da bashi. Laifi na mai aikata shi ne, ba a gadonsa, ba ya kuma shiga cikin tubali. Hausawa sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ma'aikacin jinya da ya tare a tsohon ɗakin gardi bai daki kowa ba, ƴarsa da aka haifa a ɗakin ba ta da abin kunya. Bashi kuwa yana bin dukiya duk inda ta shiga, shi ya sa ake fitar da shi kafin a raba gado. Ƙasar Nijar ta gaji gine-ginen mallaka a 1960, ta gaje su da abin da ake bin su: ladan magina da ba a biya ba, da filin da aka ɗauka ba a tambayi mai shi ba.

Wa za a biya, tunda maginan sun daɗe da rasuwa, sunayensu ma ba a rubuta ba? Fiƙihu ya amsa wannan ma. Dukiyar da aka karɓa da zalunci, in an rasa mai ita da magadansa, ana mayar da ita ga amfanin jama'a, mabuƙata a gaba. Jama'ar da aka ɗebo maginan daga cikinta tana nan, ita ce magajiya.

Wa ya cancanci makulli

Saboda haka muhimmiyar ranar tsohon bariki ita ce ranar da aka raba makullansa. Duniya ta ga hanyoyi biyu a wannan rabo.

A birnin Freiburg na Jamus akwai barikin da sojojin Hitila suka gina gab da Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan 1945 sojojin Faransa suka karɓe shi, suka raɗa masa sunan Vauban, suka zauna har 1992. Da suka tashi, hukumar birnin ta sayi filin, kimanin eka 38 ta ma'aunin Faransa. Ɗalibai da masu ƙaramin ƙarfi suka haɗa ƙungiya, suka hana a rushe wasu daga cikin dogayen ɗakunan sojan, suka gyara huɗu da hannunsu suka mayar da su gidajen haya mai sauƙi. Sauran filin aka yanka wa iyalai da suka haɗa kai suka yi gini tare. Mutum sama da 5,000 suka samu matsuguni a unguwar.

A Landan kuwa, ma'aikatar tsaron Ingila ta sayar da barikin Chelsea a 2007 kan kuɗi kusan fam biliyan ɗaya, aka gina gidajen alfarma da sai manyan attajiran duniya ke iya saye. Ba sai an je Turai ba ma. Unguwar Cantonments a Akara mazaunin soja ce a zamanin Ingila, ta koma unguwar masu hannu da shuni da ofisoshin jakadanci. Unguwannin da Turawa suka keɓe wa kansu a biranen Afirka ta Yamma galibi haka suka ƙare: Bature ya fita, babban ma'aikaci ya shiga, katanga ta ƙara tsawo, mai gadi na nan a ƙofa. Jikan wanda ya ɗauki tubali har yanzu daga waje yake leƙe. Irin wannan wuri, ko an dasa furanni an shafa fenti, bariki ne da ya canza kumandan.

A gundumomin nan uku maganar ba ta wasa ba ce, domin ƙasa ta yi wa mutane kaɗan. A ƙidayar 2012 Gidan Rumji na da mutum sama da 520,000, Agye kusan 246,000, Gazawa, wadda aka cire daga Agye a 2011, kimanin 160,000, kuma tun daga nan ƙaruwa ake yi. Gona ta zama gado mai tsada, saura ta kusa ɓacewa, fili a cikin gari kuwa kowa idonsa na kai. Duk tsohon ginin hukuma da aka daina amfani da shi, da filin da ke kewaye da shi, akwai mai jiran ya faɗo hannunsa. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta amince da haƙƙin mallakar ƙasa na gargajiya, ta kuma kafa kwamitocin kula da filaye. Amma doka takarda ce, sai an samu masu tsayawa a kanta. In aka sayar da irin wannan fili a ɓoye ga wanda ya fi kusa da ofis, an ci bashin sau biyu. In aka mayar da shi ɗakunan malamai da ma'aikatan jinya da ake turowa ƙauye, ko makwancin ɗaliban da ke zuwa sakandare daga nesa, ko aka raba shi a bainar jama'a bisa sharaɗin da kowa ya ji, to gumin kakanni ya fara komowa gida.

Tuna bara

Saura rabin bashin da ba a biya da fili ko kuɗi. Maginan bariki an hana su lada, an kuma hana su suna. Takardun mallaka sun rubuta sunan kumandan da shekarar da ya gama gini, waɗanda suka yi ginin kuwa adadi ne kawai a cikin rahoto. Wanda ya zauna a ɗakin yana iya mayar masu da wani abu daga cikin wannan, ta hanyar sanin labarin da faɗa wa ƴaƴansa.

Akwai mai cewa tone-tone ba shi da amfani, ya kawo karin maganar nan ta kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Yana da hujja, domin a gari ɗaya jikan gardi da jikan wanda gardi ya daka suna aji ɗaya, wataƙila ma sun haɗa zuri'a. Labarin da za a bayar don a nuna wani gida da yatsa gara a bar shi. Amma Hausawan da suka yi waccan karin magana su ne suka ce waiwaye adon tafiya. Gardin ma ɗan talaka ne da aka sa wa kaki, sau da yawa daga wata ƙasa aka kawo shi don kada ya ji tausayin mutanen wurin. In aka ba da labarin da adalci, tsarin da ya haɗa mai bulala da mai ɗaukar tubali ake tuhuma, yaran biyu kuma su fita aji suna abokai. A hanyar Tabuka, da Annabi ya ratsa kufan Samudawa, ya gargaɗi sahabbansa kada su shiga gidajen waɗanda suka yi zalunci da gafala, sai da tsoron Allah da ɗaukar izina. Gafala ce abin gudu.

A Drancy, kusa da Paris, akwai rukunin gidaje da aka gina wa ma'aikata, aka mayar da shi sansanin tsare Yahudawa daga 1941 zuwa 1944. Mutum kimanin 63,000 aka kwashe daga nan zuwa sansanonin hallaka. Bayan yaƙi ƙarancin muhalli ya sa aka sake zuba mutane a ɗakunan, aka yi shekaru ana zaune shiru kamar ba abin da ya faru. Sai a 1976 aka kafa dutsen tunawa a bakin wurin, a 2012 aka buɗe gidan tarihi a tsallaken titi. Iyalai na zaune a sama, ƴan makaranta na zuwa ziyara a ƙasa, ɗaya bai kori ɗaya ba. A Vauban ma an bar sunan da sojan Faransa suka raɗa, amma wasu titunan ciki aka sa masu sunayen mutanen da suka ƙi mulkin Hitila, cikinsu har da Georg Elser, kafintan da ya yi yunƙurin kashe shi a 1939. A Damagaram an bi wata hanyar, ganuwar sojan da Faransawa suka kira da sunan Cazemajou aka mayar da ita ga sunan Sarki Tanimun. Canza suna yana da daɗi a zuciya, amma in ba a gaya wa yara tsohon sunan da dalilin canza shi ba, an share allo ne kafin ɗalibi ya karanta.

Wannan aiki na malaman makaranta ne da ƙungiyoyin raya al'adu, kuma lokaci na ƙurewa. Wanda yake ɗan shekara goma ranar da aka soke aikin tilas, yau yana wajen shekara casa'in. Ƴaƴansu da suka ji labarin daga bakin iyaye suna nan a kowane ƙauye. Ba a buƙatar kuɗi mai yawa kafin malamin tarihi ya fita da ɗalibansa su tambayi dattawa inda masaukin Nasara yake a garinsu, gonar wa aka ɗauka, waɗanne ƙauyuka suka kawo azara, daga wace rijiya aka ɗebo ruwa. Wayar hannu ta isa ɗaukar murya, littafi ɗaya ya isa rubuta sunaye. In an gama, a manna ƙaramin allo a jikin bangon, da Hausa da Faransanci, mai faɗin shekarun ginin da garuruwan da suka yi shi.

Sansanonin yau

Zancen bai tsaya ga tsofaffin gine-gine ba. Sojojin Faransa sun bar Nijar a Disamban 2023, na Amurka sun bar Yamai da Agadas a 2024, sansanoninsu suka koma hannun sojan ƙasa. A kudancin jahar Maraɗi kuwa, daga 2019 dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suna gudun ƴan bindiga, akasarinsu suka sauka a gundumar Gidan Rumji, aka ƙara jibge jami'an tsaro a bakin iyaka. Da aka zo tsugunar da baƙin nesa da iyaka, hukuma da HCR suka zaɓi a ajiye su jikin garuruwa irin su Cadakori da Ɗan Daji Makau da Garin Kaka, su sha rijiya ɗaya da ƴan gari, yaransu su shiga makaranta ɗaya. An gwammace a yi masu gida da a yi masu bariki, kuma wannan zaɓi ya dace da sunan gundumar.

Sansanin soja kuwa dole ne muddin akwai mahara, manomin da ke son ya kwana a gonarsa ya fi kowa sanin haka. Amma babu sansanin da ke dawwama, Tsibiri da Wurno shaida ne. Ranar da zaman lafiya ya dawo, ɗakunan da ake ginawa yanzu wani zai gaje su, ya sa labule, ya ɗaure akuya a gindin bango. Abin da masu gini na yau za su iya yi masa shi ne su bar masa bango marar bashi: a rubuta gonar wa aka ɗauka, a biya shi diyya a gaban shaidu, a sallami magini da lebura kafin guminsu ya bushe, a kuma ajiye takardar a inda jikokinsu za su iya karantawa.